Ƙarin da aka cire sau biyu ya dawo: amsa kan ciwon dajin fata na DFSP

"Assalamu alaikum, Likita. Maiɗakina 'yar shekara 31 ce, tana da wani tauri a bayan kafaɗarta tun kafin mu yi aure. Ba ya mata ciwo, mun ɗauka tabo ne. Da ta samu ciki na biyu sai ya taso ya zama ƙullutu, aka cire a wani ƙaramin asibiti. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya dawo, aka sake cirewa, ya sake dawowa, yanzu ma ƙulle-ƙulle uku ne a wurin. A wannan karon an yanki kaɗan an kai awo, takarda ta fito da sunan Dermatofibrosarcoma protuberans. Likita ya ce ciwon daji ne, za a yi babban aiki har da dashen fata. Iyayenta sun ƙi, sun ce daji ba ya son ƙarfe, wuƙar da aka sa masa ce ta tunzura shi. Yanzu tana goyon ɗanmu na uku. Don Allah wane irin ciwo ne wannan? Yana kisa? Ba shi da magani sai an sake yanka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: asalin ciwon, girman haɗarinsa, da kuma wanda ke da gaskiya tsakanin likitan da ya ce a yanka da surukanka da suka ce yanka ne ya jawo. Ni aikina tiyatar fata da gyaran jiki, irin wannan ƙari yana zuwa hannunmu, kuma galibi da labari irin naku yake zuwa. Tun da farko ka kwantar da hankalinka: a cikin cututtukan daji wannan yana daga waɗanda aka fi warkewa daga gare su. Amma warkewar tana rataye ne a kan aiki guda da aka yi daidai, kuma ga dukkan alamu aiki biyun da aka yi mata a baya ba irinsa ba ne.

Wane ciwo ne?

Likitoci suna taƙaita sunan su ce DFSP. Ciwon daji ne da ke farawa a ɓangaren fata na ciki, mai kauri, wanda ke ƙarƙashin shimfiɗar da ido ke gani, daga nan ya gangara cikin kitse. Wasu likitocin Faransa biyu, Darier da Ferrand, su suka yi bayaninsa a 1924, sannan Hoffmann na Jamus ya raɗa masa sunan da ka gani a takarda a 1925. Ba kasafai ake samunsa ba. A Amurka, inda ake ajiye ƙididdiga, mutum kamar huɗu ne cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da shi a shekara, kuma baƙar fata sun ninka farar fata kusan sau biyu. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 50, maza da mata, ya fi fitowa a gangar jiki, wato baya da ƙirji da ciki, sai kafaɗa da cinya, sai kai da wuya.

An gano abin da ke faruwa a cikin ƙarin. A sama da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon, wani yanki na kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta) na 17 ne ke haɗewa da na 22, sai ƙwayoyin gado biyu, COL1A1 da PDGFB, su manne da juna. Wannan mannewa ita ke sa ƙwayoyin fatar wurin su riƙa fitar da sinadarin da ke umartar su da su hayayyafa, ba tsayawa. A cikin ƙarin kawai wannan canji yake, ba a sauran jikinta ba. Saboda haka ba gadonsa ta yi ba, ba za ta gadar wa 'ya'yanku ba, ba a ɗaukarsa ta kwanciya ko nono ko cin abinci tare. Ba abin da ta ci ko ta shafa ne ya jawo shi ba. Abin da ka lura da shi na tasowarsa lokacin ciki kuwa sananne ne, an sha ganin DFSP ya ƙara saurin girma a jikin mai juna biyu.

Yadda yake yaudarar mutane

Shekarun da kuka yi kuna ɗaukarsa tabo ba sakaci ba ne. Haka yake farawa, ɗan tauri shimfiɗaɗɗe a fata, ba ciwo, ba ƙaiƙayi, yana iya shekara biyar ko goma a haka kafin ya fara ƙulle-ƙulle. Hotunan da ke littattafan likitanci galibi na farar fata ne, a can yana fitowa jaja-jaja ko shuɗi-shuɗi. A fatarmu sau da yawa launinsa ɗaya da jiki, ko ya ɗan fi duhu. Akwai ma wani nau'insa mai baƙi sosai da wani likita mai suna Bednar ya bayyana a 1957, wanda aka fi gani a baƙar fata.

Babban abin da ke rufe mana ido a nan shi ne kiloyid, wato tabon nan mai tudu da ke tasowa bayan hujin kunne ko tsaga ko ƙuna. Mu baƙar fata muna yawan yin sa, kuma wuraren da ya fi so, ƙirji da kafaɗa da gadon baya, su ne dai wuraren DFSP. Na ga wadda aka daɗe ana yi wa allurar kiloyid a ƙirji, ƙarin yana ta girma, ba wanda ya yi tunanin a kai awo har sai da ya fashe ya zama gyambo. Abin da nake gaya wa ƙananan likitoci shi ne, kiloyid yakan biyo bayan rauni ko ƙurji, yakan yi ƙaiƙayi, kuma yakan saurari allura ko da kaɗan ne. Tudun da ba a tuna wani rauni a wurin ba, yana ƙaruwa shekara da shekaru, yana fitar da 'ya'ya, allura ba ta taɓa shi, to a yanka a kai awo kafin a sake yi masa komai. Haka ma wanda aka ce ƙullutun kitse ne amma ya manne da fata, ba ya zamewa a ƙarƙashin yatsa.

Awon kuma dole a yi shi da zurfi. Tsotso da allura ko kankaro saman fata ba ya wadatarwa, sai an yanko har da kitsen ƙasa, domin yadda ƙwayoyin ke ratsa tsakanin kitse yana daga manyan alamun da mai duba nama a madubin likita ke nema. Bayan haka akwai wani rini na musamman, CD34, wanda DFSP ke kamawa, shi ke bambanta shi da wani ƙari mai kama da shi da ba daji ba ne. Duba takardarku ka ga ko an yi wannan rinin. In ba a yi ba, ba sai an sake yankar ta ba: naman da aka ɗauka yana nan a ɗakin gwaji cikin kakin da aka daskarar da shi, ana iya karɓa a kai inda ake yi.

Maganar ƙarfe

Surukanka abin da suka gani gaskiya ne, an yanka ya dawo, an sake yanka ya dawo ya fi na da. Duk uban da ya ga haka a jikin 'yarsa zai ji tsoron wuƙa ta uku. Kuskuren yana wurin dalilin da aka ba abin.

DFSP ba dunƙule yake wuri ɗaya ba. Abin da ido ke gani kuma hannu ke taɓawa tsakiyarsa ce kawai. Daga nan yana miƙa siraran saiwoyi ta gefe da ta ƙasa, cikin fatar da in ka duba za ka rantse lafiyayya ce, wani lokaci har santimita 3 ko fiye daga bakin ƙarin. Manomi ya san ciyawar ƙiri-ƙiri: in ka sare ganyen ka bar saiwar, da ruwa ya sauka za ta tsiro ta wurare da yawa, ba don fartanya ta fusata ta ba. Wanda ya cire ƙarin a karon farko ya ɗauka ƙullutu ne na yau da kullum, ya zagaye shi daf da bakinsa ya ɗinke. Saiwoyin da suka rage su ne suka zama ƙulle-ƙulle ukun da kuke gani. Irin wannan cirewa ta daf da baki, a wasu rahotanni rabin marasa lafiya ciwon yakan dawo musu.

Abin da ya fi ci mini rai a labarinku ba dawowar ba ce, a'a, yadda aka cire nama sau biyu daga jikin mutum ba a kai awo ba. Da an kai na farko, da tun lokacin aka san sunansa, aka koma aka faɗaɗa yankan alhali wurin bai kai haka ba, wataƙila ma ba a bukaci dashen fata ba. Duk mai karanta wannan, in za a cire maka wani ƙari ko a jikin ɗanka, komai ƙanƙantarsa, ka ce a sa shi a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa a kai ɗakin gwaji, ka kuma koma ka karɓi sakamakon da hannunka. Kuɗin awon bai kai na aiki na biyu ba.

Yana kisa?

Da wuya. Halinsa shi ne cin wurin da yake, ba yawo a jiki ba. Waɗanda yake bazuwa a jikinsu ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma ƙididdigar Amurka ta nuna kusan 99 cikin ɗari ciwon bai yi ajalinsu ba bayan shekara 10. Kaluluwar hammata ma ba kasafai yake shiga ba, shi ya sa ba ma cire ta haka kawai.

Sai dai akwai inda nake son ka buɗe ido. Kamar ɗaya cikin goma, ko sama da haka kaɗan, wani ɓangare na ƙarin yakan rikiɗa ya koma nau'i mai zafi, a takarda za ka ga an rubuta fibrosarcomatous. Wannan ya fi saurin girma, ya fi yawan dawowa, kuma shi ne ke iya tafiya huhu. An fi samunsa a ƙarin da ya daɗe, ko ya yi ta dawowa. Ɗan yankin da aka kai awo ba lallai ya nuna shi ba, sai an cire duka an duba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a bar shi a ce a ga abin da hali zai yi. Wanda aka bari kuma, ko bai bazu ba, yakan nutsa cikin tsoka har ya kai ƙashi, ya fashe, ya yi ta zubar da jini da wari. Na karɓi irin waɗannan bayan an sha shafa musu magani mai cin fata, an yi sakiya, an yi tsaga, sai aikin da zai ƙare da ɗinki ya koma na cire tsoka.

Aikin da ake nufi

Tunda nata ya dawo har sau biyu, zan so a yi hoton MRI na kafaɗar kafin a shiga, don a ga zurfinsa da ko ya taɓa tsoka. Hoton ƙirji ma yana da kyau a yi.

A ɗakin tiyata, likita zai auna santimita 2 zuwa 3 daga bakin duk abin da ake gani, ya haɗa da tsofaffin tabban ɗinkin nan biyu gaba ɗaya, ya yanka ya gangara har tantanin da ke lulluɓe da tsoka, ya ɗauke shi tare. In ƙarin ya shiga tsokar, a ɗebi abin da ya taɓa. Ka lissafa da kanka: wurin da faɗinsa santimita 6 ne, in an ƙara 3 ta kowane gefe, ramin ya zama 12. Shi ya sa aka yi muku maganar dashe, kuma kada girman ramin ya sa ku ɗauka ciwon ya fi yadda aka faɗa muku. Ana sa zare a naman da aka cire don a nuna sama da ƙasa, dama da hagu, yadda in mai awo ya ga saiwa ta kai wani baki zai faɗi ko wanne ne, a koma can kaɗai a ƙara.

Akwai hanyar da ta fi wannan tsimin fata, wadda Frederic Mohs ya ƙirƙiro a Wiskonsin ta Amurka a shekarun 1930. Ana yanka kaɗan-kaɗan, ana duba dukkan bakin a madubi a ranar, ana bin saiwar har inda ta ƙare. Da ita dawowar ciwon kamar ɗaya ne cikin ɗari, yayin da faffaɗan yanka da aka yi da kyau yake ƙasa da goma cikin ɗari. Tana bukatar ƙwararru da kayan aiki na musamman, ba kasafai ake samunta a asibitocinmu ba. Abin da nake yi a madadinta, musamman ga wanda ya riga ya dawo, shi ne in cire, in rufe ramin da bandeji, in jira sakamakon bakin naman, sai ya fito babu saura sannan in rufe. Mara lafiya ba ya son wannan, don kwana ne a asibiti da shiga tiyata sau biyu, da kuɗi. Amma in aka juyo fata da tsoka daga gefe aka rufe, daga baya sakamako ya ce akwai saura, an dagula wurin, gano inda saiwar take ya zama aiki. Ka tambayi likitanku wanne zai yi, kuma me ya sa.

Dashen kansa ba abin tsoro ba ne. Ana shaftar siririyar fata daga cinyarta a shimfiɗa a wurin, cinyar takan warke cikin kamar mako biyu. Wurin dashen zai ɗan lotsa, launinsa zai bambanta, gara ta sani tun yanzu. Amfaninsa shi ne in wani abu ya sake tsirowa, da wuri ake gani. Bayan ya kama za ta bukaci motsa kafaɗar a sashen gashin ƙashi don kada ta riƙe.

Magani ba yanka ba

Akwai ƙwaya, imatinib, wadda aka fi sani da sunan Glivec. Asali don wani ciwon dajin jini aka yi ta, sai aka ga tana toshe saƙon nan na hayayyafa da na ambata, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don DFSP a 2006. Ana shan miligiram 400 zuwa 800 a rana, kuma a kamar rabin masu sha ƙarin yakan ragu. Amma ba ta kashe shi duka, in an daina yakan ci gaba. Muna ba da ita ne ga wanda nasa ba ya ciruwa, ko ya bazu, ko yana wuri irin fuska inda muke son ya ragu kafin a yanka. Tana kawo kumburin fatar ido da ƙafa, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, kuma a baƙar fata takan sa jiki ya yi haske. Tana bukatar awon jini da na hanta a kai a kai. Ga maiɗakinka akwai ƙarin matsala: tana iya nakasa ɗan tayi, kuma ba a son mai shayarwa ta sha. Don Allah kada wani ya karanta sunan nan ya je kemis ya saya.

Gashin na'ura, wato radiyoterafi, yana da wurinsa: in sakamako ya nuna akwai saura kuma babu halin ƙara yanka, ko nau'in mai zafi ne a wuri mai wuya. Ana yin sa kullum ban da ƙarshen mako, na mako biyar zuwa shida. Akwai cibiyoyinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma akwai a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Ƙarin ruwan kemo da aka saba yi wa masu ciwon dajin mama kuwa ba ya wani tasiri a kan DFSP na yau da kullum, saboda haka da wuya a yi mata maganarsa.

Ban ga kafaɗar ba, ban taɓa ta ba, ban karanta takardar da idona ba. Faɗin da za a yanka, da ko dashe ne ya fi ko juyo fata daga gefe, da ko za a bukaci gashi, waɗanda suka duba ta ne za su yanke. Abin da zan tsaya a kai shi ne wurin da za a yi aikin. A yi shi a asibitin koyarwa ko babbar cibiya inda likitan gyaran jiki da mai awon nama suke aiki tare, irin Asibitin Malam Aminu Kano ko waɗanda na ambata. In kuɗi ne matsala, ku nemi sashen walwalar marasa lafiya na asibitin, in kuna da inshorar lafiya ku tambayi abin da ta ɗauka.

Game da surukanka, kada ka mai da abin gardama. Ka roƙi mahaifinta ko mahaifiyarta su raka ku ranar ganin likita, a zana musu a takarda yadda saiwar take, su yi tambayoyinsu da bakinsu. Na sha ganin dattijon da ya shigo da niyyar hanawa ya fita yana cewa a sa rana. Addu'a da sadaka a ci gaba da su, ba su hana aiki ba. Abin da za a kiyaye shi ne kada a shafa wa wurin komai, kada a tsaga. Ita kuma mai jikin a zaunar da ita a yi mata bayani dalla-dalla, don ita za ta sa hannu, ita za ta zauna da tabon.

Goyo ba ya hana tiyata. Yawancin magungunan sa barci ba sa hana ta ba da nono da zarar ta farfaɗo sosai, ku dai gaya wa mai sa barcin tana shayarwa, ku kuma tanadi mai taya ta ɗaukar yaron, don ba za ta iya goya shi a baya ba sai dashen ya kama. Wani cikin kuma a dakata da shi har a gama aiki, sakamako ya fito, a san ko za a bukaci gashi ko ƙwaya. In an cire shi tas, ba ya hana haihuwa nan gaba.

Bayan aikin za a riƙa duba ta duk wata shida na shekara biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. Yawancin dawowa cikin shekara uku na farko take faruwa, amma akwai wanda ke ɓullowa bayan shekara biyar, shi ya sa ba a sallama gaba ɗaya. In an samu nau'in mai zafi, za a ƙara da hoton huhu lokaci-lokaci. Tunda a bayanta ne ba ta gani, kai ne idonta: sau ɗaya a wata ka shafa tabon da kewayensa da yatsa, ka ɗauki hotonsa a waya don ku kwatanta. Kafaɗa wuri ne da ɗinki kansa ke iya yin kiloyid, to in ka ji sabon tauri kada ku yanke hukunci a gida cewa tabo ne, ku koma a duba, in akwai shakka a ɗauki nama. Takardar awon nan da wadda za ta fito bayan aiki ku yi musu kwafi ku adana, duk likitan da zai gan ta nan gaba zai nemi ya ga abin da aka rubuta game da bakin naman.